Inda Agugu Ke Tsiro

Tun ranar da muka sauko daga kamyon Gazawa, babbar motar kayan nan, ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Bakin rijiya tambaya, gidan suna tambaya, har Dije mai ƙosai ta rantse ba ta ƙara zuba mani sai ta ji abin da ya kai tsohuwa kamata ƙasar kudu. To, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wadda ta tashi duba tukunya kada ta dawo ta ce in koma baya.

Saboda amaryar nan da ba ta daɗe a garin ba, bari in fara da Malam, maigidana. Shi ne tsohon da ke shimfiɗa buhu gindin tsamiya a kasuwar Agiye, wanda kowa ke kira Mai Agugu. Agugu kuwa wata saiwa ce baƙa-baƙa mai gashi-gashi, maganin tsila, ana dama garinta kaɗan a nono a sha kafin a karya. Shekara arba'in yana saida shi, shekara talatin da ɗaya ni ke daka shi. In aka tambaye shi inda ake samu, sai ya gyara hula ya ce wani itace ne can kudu bayan Zazzau, kuka ma jikanyarshi ce, ƙarti bakwai ba su kewaye gindinshi. Haka ya ji daga bakin ubanshi, uban kuma daga fatake. Shi dai bai taɓa sa shi a ido ba.

Daminar da aka sauke tutar Faransa idon Malam ya fara rufewa daga gefe. Ranar da ya tsaya ya yi wa turken jaki sallama har sau biyu, yara suka bushe da dariya, shi ma ya taya su, ni kuwa na shige ɗaki na yi kukana. Da aka gama ɗaure dammuna sai ya kira ni ya ce zai tafi ya ga itacen agugu kafin fitilar ta mutu. Na ce ba inda za shi. Ya ce ko da rarrafe. Ɗanmu babba yana Cadawa wajen awon gyaɗa, ba ya iya barin aiki, kuma ko ya iya, ba ya jure halin uban. Na taɓa ji wajen wata Hajiya cewa a Kano akwai asibitin da ba a duba komai sai ido. Sai na ce mashi in ya yarda ya tsaya gaban likita a Kano, ni da kaina zan riƙe mashi sanda har inda ƙasa ta ƙare. Muka ƙulla haka.

Kun san kayan da ya haɗa? Gatari, da dagi, da igiyar guga sabuwa. Wai saiwar babban itace ba a tone ta da farce. Ba sai na gaya maku kan wa kayan suka hau ba.

Kamyon gyaɗa ya kai mu Gazawa, muka kwana gidan ƙanwarshi. Ta yi ta kuka kamar Makka za mu da ƙafa, ta cika mani ƙwarya da dakuwa, ta ja ni gefe ta ce in na bar yayanta ya ɓace cikin daji kada in sake in dawo. Na ce yayan nata ko a kasuwa aka yar ba mai tsinta. Washegari muka bi ayarin masu jakai muka yi kudu.

A kan iyaka akwai rumfa da sabuwar tuta, da jandarma biyu. Ɗayan, wani dogo mai gashin baki, ya ce mu kawo lasifase. Mu kuwa ba mu da wata takarda sai ta lanho, wato haraji. Ya kwance kayanmu, ya ga gatari da dagi da igiya, ya dube mu sama da ƙasa ya ce gidan wa za mu fasa. Malam kuwa ya karkata kunne yana saurare, don tun da ido ya ja baya kunnen ya ƙara kaifi. Can sai ya ce:

"Wannan murya ta gidan mahautan Agiye ce. Ba kai ne ɗan Tani ba, wanda na fitar wa tsila har uwarka ta auna ta da kara ta zagaya gari tana nunawa?"

Abokin aikin ya riƙe ciki don dariya ya faɗa kan benci. Dogon nan da kanshi ya ɗaure mana kaya, ya aza mani a ka, yana cewa mu wuce Baba, mu wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Ƙetaren iyaka ban ga wani bambanci ba. Gero irin namu, Hausa irin tamu, har zagin jaki iri ɗaya. Sai da muka hau motar Katsina na ga direba ya kama hannun hagu ya miƙe. Na ƙwala mashi kira na ce ɗan nan ka koma hannunka kada ka kashe mu. Duk motar aka juyo ana kallona. Wata ta ce ai 'yar Faransa ce, a yi mata uzuri. Na ce Faransa ta kwashe kayanta tun da damina. Ta ce Ingila ma ta tafi watan jiya, amma ta bar masu hagun.

A Kano muka sauka gidan wani Alhaji Baƙo, wanda daga hannunshi agugun Malam ke fitowa shekara da shekaru, ba su taɓa haɗuwa ba sai dai saƙo. Ya karɓe mu hannu biyu, matanshi suka yi mana tuwon shinkafa mai laushi kamar auduga, wanda na ci malmala biyu ban ji na ci komai ba. Da Malam ya tambaye shi itacen, sai ya rage murya ya ce ai shi ma bai taɓa gani ba, amma ya ji an ce inuwarshi kaɗai ta isa garke guda, kuma ba a tonon shi sai an ba aljanun wurin haƙuri. Nashi kayan daga wani Audu suke zuwa, a Kafanchan. Malam ya juyo wajena yana murmushi, wai na ji ko, ashe ƙarti bakwai da yake faɗi ma ragewa ya yi.

Da safe na tuna mashi alkawari. Muka bi layi tun hantsi har azahar. Likitan ya haska mashi 'yar fitila, ya daɗe yana leƙe, sannan ya yi magana tafinta ya juya mana. Ya ce wannan ba yana ba ce da ake cirewa. Daga ciki abin ke mutuwa, kuma hasken da ya rage bai fi na wata biyu ko ukku ba. Da muka fito na zauna nan bakin hanya. Don asibitin nan na baro ɗakina, agugu bai dame ni ba. Na ce mu koma gida ya ƙarasa ganin jikokinshi. Ya lalubo sandar ya miƙo mani bakinta.

"Ni na cika nawa alkawarin, Ta-Tibiri. Saura naki."

Haka yake kirana, don can aka ɗauko ni. Na tashi na kama sanda.

Jirgin ƙasa kuwa, kada ku ji tsoro in Allah ya kai ku, ɗaki ne mai tafiya. Muna zama wata Bayarabiya mai jiki ta hango zanen Gobir a kumatuna, ta tafa hannu ta ce yau Allah ya dawo mata da baiwarta da ta gudu. Na ce ƙarya take, kakata ce ta sayi kakarta da kwalbar manja, har da gyara. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Kafin jirgi ya bar Kano mun zama kamar uwa ɗaya ta haife mu. Ta kwance ganye ta ba mu wani baƙin tuwo da miya ja wur. Malam ya kai loma ɗaya hawaye suka zubo mashi, ya ce in wannan barkonon bai buɗe idon ba likita ya yi gaskiya.

Ni ke bakin taga, ni ke gaya mashi abin da ke wucewa. Na ce ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar tukwane. Na ce ga mata na ɗauke da kaya a kafaɗa, kansu ba komai. Ya ce ƙarya nake. Bayarabiyar ta ce gaskiya ne, Gwari ne, sun ce kai ya ishe shi da tunani. Na ce da na sani da tun Agiye na zama Bagwariya. A Kaduna muka canja jirgi, nan muka rabu da ita, nan kuma dagin ya zame ya faɗa wa wani ɗan dako a ƙafa, na sha zagi da yaren da ban sani ba.

Audu na Kafanchan shi ma bai taɓa gani ba. Ya ce mutanen kan dutse ke kawo mashi busasshe ranar kasuwa, shi bai taɓa hawa ba saboda gwiwa. Ya haɗa mu da masu komawa wani ƙauye, muka hau dutse rabin yini, ni gaba, sanda tsakiya, Malam baya.

Mai garin ya sauke mu ɗakin ƙanwarshi Saratu, wata gwauruwa sa'ata mai wushirya. Kirista ne su, suna kiwon aladu, ranar Lahadi su buga ƙarfe su taru su yi ta waƙa, da Hausa kuma. Na damu da abin da za mu ci, ashe ita ta riga ni tunani. Ta fito da sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa ba, ta kamo kaza ta miƙa wa Malam da wuƙa ta ce ya yanka irin namu. Tuwonsu na acca ne, ƙwayarta kamar rairayi, wanke ta kawai ya isa ya sa mace ta yi yaji. Amma abin da ya fi tsaya mani shi ne ruwa. Ku da kuka san gaba nawa muke ja kafin guga ya fito, ruwa na gani yana tafiya shi kaɗai a ƙasa, dare da rana, ba mai tare shi. Sai da na ji haushi.

A nan ne Malam ya nuna mani halinshi. Akwai guntun agugu ƙulle a bakin zanena, na ce mu nuna wa mutane mu huta. Ya ce in na kuskura bai yafe ba. Wai a ji a ƙasar mutane cewa Mai Agugu bai san agugu ba? Shi in ya tsaya gindin itacen jikinshi zai ba shi. Abin da ya gaya wa dattawan garin kawai, shi mai magani ne daga arewa, ya zo gaida manyan itatuwansu. Su kuma mutanen kirki, suka ɗauka wata al'adarmu ce. Kwana ukku maharba na yawo da mu daga wannan ƙaton itace zuwa wancan. Ko'ina ya ɗaga kai sama, ba ya ma hango rassan, sai ni in ce ganyen kaza ne. Ya sa dagi ya ɓanto saiwa, ya sansana, ya girgiza kai. Da yamma ta ukku na miƙa mashi ƙoƙon ruwa ta hagu bai gani ba, sai da na zagayo gabanshi. Na ce Malam, girman kai rawanin tsiya, kwanakin idonka kake rabawa itatuwan banza. Daren nan ko tuwo bai ci ba.

Rana ta huɗu da safe na bi Saratu rafi da tulu, don in huce. Rafin yana cikin kurmi, wurin da rana ba ta taɓa ƙasa, ga sanyi, ga ganye ruɓaɓɓe ana takawa kamar katifa. Duwatsun bakin ruwa duk gansakuka. Ni da na saba da rairayi, na taka ɗaya da gaba gaɗi, sai ji na yi ƙafa ta tafi. Na kai hannu na cafki wata ciyawa da ke gefen gangaren, ta tumɓuko ta biyo ni, muka zube tare cikin ruwa, tim. Tulu ya fashe. Saratu na salati irin nasu tana dariya.

Ina zaune cikin ruwa har ƙugu sai wani wari ya bugi hancina. Warin turmina ne. Na dubi abin da ke hannuna, ga gindin ciyawar nan kauri kamar damtsen jariri, da gashi-gashi ja-ja a jiki. Na kwance bakin zane na fito da guntun nan na haɗa su. Saratu ta leƙo ta ce, au, wannan kuke nema? Ai su mata ke tonon shi da rani su shanya su kai wa Audu, maza ba ruwansu da shi. Ta faɗi sunanshi da yarensu, na kasa riƙewa. Na duba gangaren, ga shi nan birjik har inda idona ya kai, kuma ta nan muka bi da maharba jiya da shekaranjiya, muna tattaka shi kanmu na sama. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Dariya ta zo mani, sai kuma tsoro ya biyo ta. Mutum ya yi shekara arba'in yana faɗin ƙarti bakwai, in je in ce mashi abin bai wuce gwiwa ba? Har na yi tunanin in yi shiru, in bar shi ya zaɓi wani ƙaton itace ya ce shi ne. Amma ba don a yi mashi ƙarya ya hau dutsen nan ba.

Na same shi ƙofar ɗaki yana jan carbi. Na sa mashi saiwar ɗanya a hannu. Ya shafa, ya kai hanci, carbin ya faɗi. Ya ce in kai shi. Da muka isa bakin rafin ya ɗaga kai sama kamar kullum yana tambaya ta ina. Na ce:

"Malam, sunkuya."

Ya sunkuya. Na ce ƙara. Sai da ya durƙusa gwiwa biyu cikin laka. Akwai wani wuri da rana ta sami kafa ta sauko kan ganyen, nan na ja shi. Ya kai fuskarshi har ganye na taɓa mashi hanci. Kowane reshe daga ƙasa ya fito, dogo kamar gashin jimina, an tsattsaga shi gefe da gefe kamar haƙoran mataji, a tsakiya kuma ƙananan na nan a naɗe kamar wutsiyar hawainiya. Wannan karon ban gaya mashi komai ba, shi ya riƙa gaya mani. Ya ce kore ne shar. Ya ce ga raɓa. Ya daɗe haka, kafaɗunshi na rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun. Ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya sha ƙaryar fatake.

Da ya juya ganyen ya ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa jere a bayanshi, sai manomin da ke cikinshi ya motsa. Ya ce wannan ya kamu da ciwo, a nemo mashi mai lafiya, kuma a ba shi iri ya kai gida. Saratu ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin abin nan ya yi fure ko ɗa ba. Masu ɗigon nan su ne iyaye, inda suke nan ƙanana ke fitowa kan jiƙaƙƙen dutse. Ya ce to ya tuba, yau shi ɗalibi ne.

Sannan ya juyo, yana nan durƙushe, ya ce:

"Ke ma matso cikin hasken nan in gan ki."

Gaban Saratu fa. Na ce Malam ka ji kunya mana. Ya ce kunyar ta jira, ita ba ta da wa'adin wata biyu. Na durƙusa, zanena sharkaf, laka har goshi. Ya kama haɓata ya kawo fuska kusa kamar yadda ya yi wa ganyen, ya bi zanen kumatuna ɗaya bayan ɗaya da ido. Ya ce ashe na yi furfura haka ban gaya mashi ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa kallona irin wannan ba. Saratu ta juya baya tana tsintar ɓaraguzan tulunta.

Gatari da dagi da igiya duk Saratu muka bar wa, ita kuma ta dasa mana gindi ɗaya cikin 'yar tukunya da ƙasar wurin, ta ce kada rana ta gan shi, kada ya ji ƙishi. Na rungumo shi kamar jinjiri. Duk da haka kafin mu kai Katsina iskar arewa ta ƙone ganyen ƙurmus. A iyaka dogon jandarman ya leƙa tukunya ya ce wannan busasshiyar ciyawa muka je nema har kudu? Malam ya ce ita ce ta raba shi da abin da uwarshi ta auna, ya gaishe ta da kyau.

Sauran kun sani. Kun ji shi da kunnenku a kasuwa, ranar da wani ya tambaye shi girman itacen, ya ce iyakarshi gwiwa, sai da ya durƙusa ya gan shi, kuma ba shi ya gano shi ba, Ta-Tibiri ce ta faɗa kanshi. Kun kuma san idon ya ida rufewa kafin sanyi ya fita.

Abin da ba ku sani ba shi ne tukunyar nan da kuke yi mani dariya a kanta, wadda na tura ƙarƙashin randa inda ruwa ke ɗiga. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko ya fito, in ce bai fito ba. Sau nawa na so in ce ya fito don ya ji daɗi, ban yi ba. Shekaranjiya na duƙa ɗibar ruwa sai na ga wani ɗan abu kore ya turo ƙasa, a naɗe. Na jawo hannun Malam na ɗora mashi yatsa a kai. Ya shafa a hankali, ya ce kada in gaya mashi kalarshi, wannan ya gani da idonshi.

Dije, tashi ki zuba mani ƙosan nan, shi ma bai karya ba.